Amfanin Gona na Mai Rai, Ƙasa ta Magada: Gandu a Arewacin Adar

Tun kafin takarda ta shigo harkar ƙasa, manoman Tebaram da sauran garuruwan arewacin Adar sun bambanta cin amfanin gona da mallakarta. Mai gida ne ke riƙe da gandu, shi ke raba aiki, shi ke buɗe rumbu, amma ba shi da hurumin sayarwa, domin ƙannensa da 'ya'yansu, har da waɗanda ba a haifa ba, suna da haƙƙi a ciki. Mata da samari kan samu gamana su noma wa kansu. Matar da mijinta ya rasu kuwa akan bar mata fili ta ci muddin ranta, daga baya ya koma cikin gandu. Fiƙihun Malikiyya ma ya san wannan tsari: Risalar Ibn Abi Zaid ta kawo hukuncin umra, wato a ba mutum gida ya zauna tsawon rayuwarsa, in ya rasu ya koma ga mai shi ko magadansa.

Shaidar dattawa ce ke riƙe da wannan tsari, ita ce kuma ta fara rauni. A 1974 shugaban ƙasa Seini Kunce ya shelanta cewa gona ta mai noma ta ce. Niyyar ita ce kare talaka, amma sai aro ya zama abin tsoro: mai gona ya daina bayarwa na dogon lokaci, wanda aka ara wa kuma ya samu ƙofar cewa tasa ce. Farin 1984 ya tura gidaje da dama ga jingina. Bayan haka aikin farfaɗo da ƙasa na Keita da haƙa ramukan tassa a yankin Illela suka mayar da faƙo abin kuɗi, har aka shiga saye da sayarwa. A ƙasar da samari ke tafiya ci-rani Abijan da Najeriya da Libiya, magajin da ba ya gida shi ne wanda aka fi saurin mantawa ranar ciniki.

Wasu za su ce gandu bai cancanci kewa ba, tun da ya sha danne rabon 'ya'ya mata da shari'a ta yanke musu, ya kuma bar samari ƙarƙashin ikon babban wa. Wannan gaskiya ne. Sai dai raba gona gutsu-gutsu a ƙasar da damina ba ta da tabbas yakan ƙare da sayarwa, kuma tumunin da matar mamaci ke gada ba lalle ya ciyar da ita ba. Gyaran da ya dace shi ne a ambaci rabon kowa, mace da namiji, sannan a bar mai ci ya ci.

Dokar karkara ta 2 ga Maris 1993 ta amince da mallakar gargajiya, ta kuma kafa hukumomin ƙasa da ake kira Kofo, waɗanda ke rubuta aro da jingina da kyauta da sayarwa, kowanne da sunansa. Iyalin da ya rubuta cewa uwa za ta ci gona muddin ranta, ya kuma lissafa waɗanda za ta koma wa bayanta, ya kare tsohuwa daga kora, ya kare ɗan ci-rani daga cinikin da aka ƙulla ba ya nan.