Sotigui Kouyaté (1936-2010): daga ina ya kamata a fara tarihin aikinsa?

1. Gabatarwa

Galibin abin da aka rubuta a Turai bisa Sotigui Kouyaté yana farawa ne daga 1985, shekarar da ya fito cikin Mahabharata na Peter Brook. Cikin wannan taƙaitaccen nazari muna son mu nuna cewa wannan lissafi ya datse kusan shekara 20 na aikinsa, kuma wani yanki na waɗannan shekaru ya shafi sinimar Nijar.

2. Kafin Turai

An haife shi a Bamako cikin 1936, ya girma a Haute-Volta, wato Burkina Faso ta yanzu. Gidansu na jeli ne. Mukan fassara kalmar da "maroƙi", amma fassarar ba ta cika ba: a ƙasar Mande, zuriyar Kouyaté ce ke riƙe da tarihin gidan Keita tun zamanin Sunjata. Ya fara yin suna a ƙwallon ƙafa, har ya riƙe kyaftin na ƴan wasan ƙasar, kafin ya kafa ƙungiyarsa ta wasan kwaikwayo cikin 1966.

Daga nan ne Moustapha Alassane, ɗaya daga cikin magabatan sinimar Nijar, ya saka shi cikin FVVA (1972), fim mai zambo ga ma'aikacin da burinsa mace, mota, gida da kuɗi. Ya sake ɗaukarsa cikin Toula, wanda aka gina bisa labarin Boubou Hama na fari da sadaukar da budurwa. Ke nan mutumin da Brook ya samu ba ɗan koyo ba ne.

3. Tare da Brook

A bikin Avignon na 1985, cikin wasa mai tsawon awa 9, ya fito a matsayin Bhishma, dattijon da ya yafe sarauta da aure saboda alkawari. Cikin 1990 ya zama Prospero a La Tempête ta Shakespeare, cikin 2004 kuma Tierno Bokar, malamin Bandiagara wanda Amadou Hampâté Bâ ya rubuta tarihinsa. Mu lura: dukkansu dattawa ne masu nauyin magana. A ganinmu, natsuwa da sanin inda ake shiru, waɗanda ƴan kallon Faransa suka yaba, tarbiyyar gidan jeli ce.

4. Komowa ga sinima

Ɗansa Dani Kouyaté ya fito da wannan gado fili cikin Keita (1995), inda Sotigui ya zama jelin da ya zo birni don ya gaya wa wani ɗan lakwal asalin sunansa, har rigima ta tashi tsakaninsa da malamin yaron. Cikin 2009 ya samu kyautar gwarzon ɗan wasa a bikin Berlin saboda London River na Rachid Bouchareb: uba musulmi mai neman ɗansa bayan hare-haren Landan na 2005. Ya rasu a Paris ranar 17 ga Afrilu 2010.

5. Kammalawa

Wanda ya fara tarihin Kouyaté daga Avignon zai ɗauka Turai ce ta yi shi. Gyaran wannan kuskure yana hannunmu: sai ɗalibanmu sun kalli finafinan Alassane, sun nazarci Kouyaté na wancan lokaci, sannan a iya auna abin da ya tafi da shi da abin da ya samo can.