Ɗan Zariya da tsofaffin ɗaliban ƙwallon kwando

Duk wanda ya taɓa raka dillali kara ya san abin da ake fara yi wa rago: a buɗe baki a duba haƙora. To, a Amurka ma haka ake yi wa 'yan ƙwallon kwando, sai dai su takardar haihuwa ake dubawa.

Ga yadda abin yake. Kowace shekara ƙungiyoyi 30 na gasar NBA suna zaɓen sababbin 'yan wasa kamar 60, akasarinsu daga jami'o'i. Tun 2006 doka ta ce sai yaro ya kai shekara 19 a shekarar zaɓen. Daga nan masu farautar 'yan wasa suka koma rububin 'yan 19. Wanda ya zauna jami'a har ya kai 22 ko 23, sai a ce ai ya gama girma, abin da ka gani shi ke nan. Kuma in ya yi fice, sai a ce ƙannensa ya samu yana dannewa.

Mutumin da ya ƙi yarda da wannan lissafi gaba ɗaya, a Zariya ya tashi. Masai Ujiri, an haife shi a Ingila a 1970, ya girma a Zariya, bai kama ƙwallon kwando ba sai yana kamar shekara 13, a hannun wani koci Ba'amurke, Oliver Johnson. Ya yi wasa a ƙaramar kwalejin Bismarck a Amurka, ya yi yawo ƙungiyoyin Turai, bai taɓa buga NBA ba. A 2002 ya fara yi wa Orlando Magic aikin nemo 'yan wasa, ba albashi, har kuɗin tafiya daga aljihunsa. A 2013 aka ba shi kyautar shugaban ƙungiya mafi ƙwazo yana Denver, a shekarar kuma ya koma Toronto Raptors ta Kanada.

Kada mu yi masa ƙarya, shi ma ya taɓa bin yayi. A 2014 ya ɗauki Bruno Caboclo, ɗan Birazil mai shekara 18, dogo, hannu har gwiwa, da fatan zai nuna. Bai nuna ba. Bayan nan sai ga Delon Wright mai shekara 23 da Norman Powell mai 22 a 2015. A 2016 kuwa, a lamba ta 27, ya ɗauki Pascal Siakam.

Nan zan ɗan tsaya, don nan ne darasin aikin yake. Siakam ɗan Duwala ne a Kamaru, an sa shi makarantar horon limaman coci tun yana yaro, ƙwallon ƙafa ya fi so. Bai ɗauki kwando da gaske ba sai wajen shekara 17. Ran zaɓe yana da 22, daga jami'ar New Mexico State wadda ba ta cikin manya. A takarda tsoho ne. Amma ku lissafa: yaron Amurka mai 19 ya yi shekara goma ko fiye yana wasa, Siakam ko shida bai cika ba. Wa ya fi sauran wurin ƙaruwa? Ni a ganina abin da mutanen Toronto suka auna ke nan, shekarun wasa, da saurin da mutum ke gyaruwa daga bara zuwa bana. Ujiri da ya fara a makare a filin Zariya ba ya buƙatar a yi masa bayani. Mu nan ma, da yawanmu ranar haihuwa kintata ta aka yi ran da za a sa mu lakwal.

A wannan shekara sun kuma ɗauko Fred VanVleet, gajere a ma'aunin NBA, shekara huɗu a Wichita State, wanda duk ƙungiyoyin suka tsallake. A 2019 Siakam ya zuba maki 32 a wasan farko na ƙarshe da Golden State, VanVleet ya ci 22 a wasa na shida, ran 13 ga Yuni, Toronto ta ɗauki kofinta na farko. Gaskiya Kawhi Leonard ne jagoran tafiyar, amma ba shi kaɗai ya ɗauko kayan ba.

Masu tsoron tsofaffin ɗalibai fa suna da hujja. Michael Olowokandi, haifaffen Legas, shi ma ya fara a makare, aka ɗauke shi lamba ta 1 a 1998 yana da 23, bai kai inda aka zata ba. Ujiri kansa ya ɗauki Malachi Flynn mai 22 a 2020, bai zama komai ba a ƙungiyar.

Siakam ya koma Indiana a Janairun 2024, ya sake kaiwa wasan ƙarshe a 2025. A watan Yunin 2025 ne Ujiri ya rabu da Toronto bayan shekara 12.