Jan ƙwaron kabewa

jan ƙwaron kabewa (suna, namiji, jam'i: jajayen ƙwarin kabewa). Ƙaramin ƙwaro mai tashi, daga dangin ƙwari masu cin ganye, wanda masana ke kira *Aulacophora foveicollis*. Tsawonsa milimita 5 zuwa 8. Bayansa ja ne ko ruwan lemo, yana sheƙi, ƙasan cikinsa kuwa baƙi ne. Ana samunsa a Indiya da Pakistan da sauran kudancin Asiya, da kudancin Turai, da wasu sassan Afirka.

Abincinsa shuke-shuke masu yaɗo: kabewa, kankana, kokwamba, duma da soso. Babban ƙwaron yakan huhhuda ganye da fure. Ɓarnarsa ta fi muni kan tsiro mai ganye biyu, domin yakan cinye shi ƙurmus, dole manomi ya sake shuka.

Macen takan zuba ƙwai masu launin rawaya cikin ƙasa mai danshi a gindin shuka. Tsutsar da ke fitowa fara ce. Tana cin saiwa, tana huda kara da 'ya'yan da suka kwanta a ƙasa, sai ruɓa ta biyo baya. A ƙarƙashin ƙasa take rikiɗa ta zama ƙwaro.

Ana rage shi da tsincewa da sassafe, lokacin da sanyi ya kashe masa jiki, da barbaɗa toka a kan ganye, da fesa ruwan 'ya'yan darbejiya, da kuma kaftun gona bayan girbi don tone tsutsotsin.

Misali: *Jan ƙwaron kabewa ya cinye tsiron kankanar tun kafin ta fara yaɗo.*