Masara, ɓera da ɗan Adam: babi ɗaya ko biyu?

Duk mai son rubuta ilimin efijenetik a kundin sani na Hausa zai tarar da tambaya: shin a ware wa ɗan Adam babinsa, ko a haɗa shi da na sauran halittu? Tarihin fannin yana da amsa.

Efijenetik nazari ne na alamomin da ke hawa kan ƙwayoyin gado, su kunna wasu su kashe wasu, alhali DNA ɗin bai sauya ba. Kamar wasali ne a rubutun ajami: baƙin yana nan, karatun ya bambanta. Conrad Waddington na Ingila ya raɗa sunan a 1942.

Ba a jikin mutum aka fara gano lamarin ba. A 1956 Alexander Brink ya gan shi a launin ƙwayar masara a Amurka. A 1961 Mary Lyon ta bayyana wani nau'insa a ɓeraye. Hujjar mutane ta biyo baya. Binciken 2008 ya tarar da bambancin alamomin a jikin waɗanda aka ɗauki cikinsu lokacin yunwar Holand ta 1944 zuwa 1945, bayan shekara 60. A 2010 aka ga makamancin haka a ƙauyukan Gambiya, tsakanin yaran da aka yi cikinsu da damina, lokacin ƙarancin abinci, da na rani. Manomin Beli, a ƙasar Karaye da Rogo, ya san wannan lokaci: rumbu ya yi ƙasa, sabon hatsi bai nuna ba.

Saboda haka raba babin tamkar raba reshe da tushensa ne. Sai dai kama da wane ba ta wane ba ce. Tsirrai kan miƙa alamomin nan zuriya bayan zuriya, amma a dabbobi masu shayarwa ana share mafi yawansu kafin haihuwa. Abin da Holand da Gambiya suka nuna shi ne tasirin abincin uwa kan ɗan da ke cikinta.

Babi ɗaya ya fi, muddin kowace jumla ta faɗi halittar da take magana a kanta. In ba haka ba, mai karatu zai ɗauki hukuncin masara ya ɗora wa jikokinsa, ya manta da abin da ke hannunsa: ciyar da mace da kyau tun kafin ta ɗauki ciki.