Muryar Mace a Akwatin Rediyo: Daga Jajin Nana Asma'u zuwa Shirye-shiryen Intanet

Tarihin matan Hausawa a aikin watsa labarai ya samo tushe ne daga wata matsala da ta girmi rediyo nesa ba kusa ba, wato yadda za a isar da magana ga matar da ke cikin kulle, wadda al'ada ta taƙaita fitarta, kuma baƙo namiji bai wuce zauren gidanta. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta magance wannan matsala da tsarin 'Yan Taru, inda ta riƙa naɗa dattijan mata da ake kira jaji, tana ɗora musu malfa alamar izini, su haddace waƙoƙinta na wa'azi su kai su garuruwa da ƙauyuka su rera wa matan aure. Abin da jaji take yi da ƙafa shi ne rediyo ya zo ya yi ta iska bayan shekara ɗari.

Rediyon farko da ya iso Kano a 1944 na waya ne, wato lasifika ce ake jona wa gida ko a kafa a dandali, don haka yawancin masu sauraronsa maza ne da ke iya taruwa a bainar jama'a. Sauyin gaske ya zo ne da ƙaramin akwati mai batir, wanda yaɗuwarsa ta yi daidai da buɗe gidajen da suka ɗauki Hausa da muhimmanci: Sashen Hausa na BBC a 1957, Rediyon Nijar a 1958 wanda daga baya ya koma Muryar Sahel, gidan rediyo da talabijin na Kaduna a 1962, sannan Muryar Amurka a 1979. Irin wannan akwati yakan zauna a gindin murhu ko a gefen tabarmar kitso, kuma saboda gajeren zango, wato nau'in watsawa da ke ratsa iyakokin ƙasashe, Bahaushiyar da aka haifa a zangon Wagadugu ko na Kumasi takan ji Hausar Kano da ta Zariya ba tare da ta taɓa taka ƙasar kakanninta ba. Filin Zaɓi Sonka na Kaduna, inda ake karanta wasiƙun gaisuwa, ya sa sunayen mata da na unguwanninsu suka fara fita duniya tun kafin a saba jin muryoyinsu.

Shigar mace ɗakin watsa shirye-shirye ba ta zo da sauƙi ba, domin akwai tsohuwar muhawara tsakanin malamai kan ko muryar mace al'aura ce, wato abin da ya wajaba a suturta, kuma iyaye da mazaje da dama sun ɗauki aikin a matsayin zubar da mutunci. Sai dai rediyo yana da wata fa'ida da sauran sana'o'in fili ba su da ita: ana jin mace amma ba a ganinta. Wannan ne ya ba wa mata kafar shiga, da farko ta filayen girki da raino da kiwon lafiya, daga bisani kuma ta labaran duniya da hirar siyasa, har ta kai Jamilah Tangaza ta shugabanci Sashen Hausa na BBC, Bilkisu Labaran kuma ta jagoranci kafa sashen Pidgin na gidan a 2017. A Nijar, Malama A'ishatu Hamani Zarmakoy Dancandu ta yi amfani da rediyo da talabijin wajen karantar da addini, abin da a da ake ganin hurumin maza ne, kamar yadda Ousseina Alidou ta yi bayani a littafinta na 2005 kan matan Musulmin ƙasar.

Idan aka kwatanta da wasanni, inda jiki ne jarin sana'a, sai a ga girman wannan fa'ida ta jin mace ba tare da ganinta ba. 'Yan ƙwallon ƙafa mata na Najeriya sun fi kowace ƙasa lashe kofin Afirka, amma a Zamfara an haramta ƙwallon mata a 2000, kuma har yau ba kasafai ake samun Bahaushiya a manyan ƙungiyoyi ba.

Dokar 1992 da ta halatta gidajen rediyo masu zaman kansu a Najeriya, wadda ta share fagen buɗe Freedom Radio a Kano a 2003, ta ƙara yawan kujerun mata, musamman a filayen karanta littattafan soyayya da na matsalolin zaman aure. Fodkas, wato shirin sauti da ake ɗorawa a intanet mai sauraro ya buɗe lokacin da ya ga dama, ya cire shinge na ƙarshe, tunda ba ya buƙatar lasisi ko amincewar manaja, waya da ɗaki mai shiru sun wadatar. Fatima Zahra Umar ta yi suna da labaran zawarawa da ta riƙa wallafawa a intanet, inda mata ke bayyana yadda aurensu ya mutu, batun da gidan rediyon gwamnati zai yi kaffa-kaffa da shi. Amma wannan 'yanci yana da tsada ta wani ɓangaren, domin mai gabatarwa a rediyo tana da albashi ko da kaɗan ne, ita kuwa mai fodkas sai ta nemi masu talla da kanta, galibi masu sayar da atamfa da turaren wuta da kayan mata, kuma masu sauraronta sai sun sayi data, abin da ya sa a karkara shirin kan isa ne a gutsuttsure, ta saƙon murya na WhatsApp ko katin waya da ake lodawa a kasuwa.