Hanyar Bayi ta Badagiri da Alaƙarta da Ƙasar Hausa

Badagiri gari ne na bakin teku a Jihar Legas, kamar mil 40 yamma da Ikko, kusa da iyakar Nijeriya da Jamhuriyar Benin, wadda a da a ke kira Dahome. Mafi yawan mutanensa Egun ne da Awori, sarautar sarkinsu kuwa Akran. Garin bai zauna a gaɓar teku sosai ba. Akwai wani dogon ruwa mai kama da kogi wanda ya bi gefen teku tun daga Ikko har Porto Novo, shi ya raba garin da wani siririn tsibiri na rairayi da a ke kira Gberefu. Bayan tsibirin nan sai Tekun Atalantika.

Masu yawon buɗe ido da 'yan makaranta kan zo su taka garin da ƙafa. Su kan fara da titin bakin kogi inda tsofaffin gine-gine su ke, sa'an nan su haye ruwa, su bi turbar da a ke cewa ita bayi su ke bi zuwa jirgi. Maƙasudin wannan takarda shi ne mu bi hanyar nan, mu duba abin da jagorori ke faɗi da abin da rubutattun shaidu su ka nuna, kuma mu tabbatar cewa turbar ba a Badagiri ta faro ba. Ɗaya bakinta yana can Arewa, a ƙasashenmu.

Titin bakin kogi

Wanda ya bi titin nan zai tarar da gidan da Turawa su ka gina a 1863 ya zama ofishin Di'o, wanda yanzu aka mai da shi gidan adana kayan tarihi. Shekarar nan ce sarakunan garin su ka sa hannu aka haɗa Badagiri da mulkin Ingilishi na Ikko, bayan yarjejeniyar hana cinikin bayi da su ka yi a 1852. Kusa da nan akwai gidan zuriyar Mobee, inda aka ajiye sarƙoƙi da mari da ƙuƙumi na zamanin. Akwai benen da mishan Gollmer ya gina a 1845, wanda mutanen garin ke alfahari da cewa shi ne bene na fari a Nijeriya. Wannan magana tana bukatar gyara, gama Gidan Rumfa da sorayen Kano da hasumiyar Gobarau ta Katsina sun daɗe da tsayuwa kafin nan. Abin da ya dace a ce shi ne bene na fari irin ginin Turawa. Akwai kuma wani ginshiƙi a wurin da itacen Agia ya ke a da, inda Thomas Birch Freeman ya yi wa'azin Kirista a Satumba 1842. Itacen ya faɗi a Yuni 1959.

Amma wurin da ya fi kamata Bahaushe ya dakata shi ne kurkukun bayi na Seriki Williams Abass, mai ɗakuna 40. Mutumin nan Bayarabe ne, an kama shi yana yaro aka sayar, ya ɗauki sunayen iyayengijinsa biyu, daga baya shi ma ya shiga cinikin, ya yi arziki, ya zama shugaban Musulmin garin, ya rasu a 1919. Kalmar Seriki kuwa ba wata ba ce illa sarki tamu ta Hausa, wadda Yarabawa su ka ara. Kalma ba ta tafiya da ƙafarta, sai mutane sun ɗauke ta.

Asalin garin

Jagorori kan ce an kafa kasuwar bayi ta Vlekete tun 1502. Takardun fataken Turawa, waɗanda masanin tarihi Robin Law ya bincika, sun nuna cewa bunƙasar Badagiri ta zo ne bayan haka da shekaru fiye da 200. Sarkin Dahome Agaja ya ci Allada a 1724, ya ci Wida a 1727, ya rushe Jakin a 1732. Mutanen garuruwan nan su ka watse gabas, suna bin kogi. Wani falke ɗan Holan, Hendrik Hertogh, ya zauna a Badagiri a 1736, jirage su ka biyo shi, 'yan gudun hijira su ka taru, kowace ƙungiya da unguwarta da shugabanta. Shi ya sa garin ya kasu unguwa takwas.

Ƙarfin garin ya dogara ne ga daular Oyo, wadda ta buɗe hanya ta ƙasar Egbado zuwa teku. Ta nan bayin da Oyo ke sayowa daga Nufe da Bargu da ƙasar Hausa su ke gangarowa. A 1784 Dahome ta rushe garin, ko da ya ke an sake gina shi. Daga nan Ikko ta yi ta ƙwace masa ciniki.

Tafiyar rabin sa'a

Daga bakin kogi a kan shiga jirgi mai inji, cikin 'yan mintoci a sauka Gberefu. Turbar rairayi ce tsakanin itatuwan kwakwa, mai lafiya kan gama ta cikin rabin sa'a. A tsakiya akwai wata rijiya. Hikayar garin ta ce an yi mata asiri, duk bawan da ya sha ruwanta sai ya manta da gidansu. A ƙarshen turba akwai wurin da a ke kira Ƙofar Tafiya Ba Dawowa, daga nan sai igiyar ruwa. Gaɓar nan ba ta da matsayar jirage, saboda haka manyan jirage kan tsaya can nesa, a riƙa kai musu mutane cikin kwalekwale.

To, amma nawa ne tsawon hanyar kafin a iso rijiyar nan? Muna da ma'auni. Hugh Clapperton, wanda mutanen Sakkwato su ka sani da suna Abdullahi, ya tashi daga Badagiri a Disamba 1825 tare da baransa Richard Lander. Ya bi ta Katunga, watau tsohon birnin Oyo, da Kayama da Wawa da Busa, ya haye Kwara, ya ratsa Nufe da Zazzau, bai shiga Kano ba sai Yuli 1826. Wata bakwai ke nan, ga mutum mai doki da 'yan dako, ko da ya ke rashin lafiya da jiran iznin sarakuna sun tsai da shi a wurare. Bawa kuwa da ƙafa ya ke bin ta, ana sayar da shi daga kasuwa zuwa kasuwa. Clapperton ya rasu a Sakkwato a Afrilu 1827. Lander ya komo Badagiri, fataken Fotugal su ka yi masa sharri cewa ɗan leƙen asiri ne, aka tilasta shi shan guba don rantsuwa, Allah ya kuɓutar da shi.

A cikin ayarin nan akwai wani Bagobiri mai suna Abubakar, wanda Turawa ke kira Pasko. An kama shi a Arewa, aka yi ta sayar da shi hannu zuwa hannu har bakin teku, aka zuba shi cikin jirgin bayi, jirgin yaƙin Ingilishi ya tare su ya 'yanta shi. Shi ne ya yi wa Clapperton tafinta, kuma da Lander ya dawo Badagiri da ƙanensa John a Maris 1830 su ka bi Kwara daga Busa har teku, yana tare da su. Ga mutum guda da ya bi hanya ya gangara a ɗaure, ya hau ta a sake.

Waɗanda rijiya ba ta ci ba

Ingila ta haramta cinikin bayi a 1807, amma a gaɓar nan an ci gaba da shi har bayan da Barazil ta rufe ƙofarta a 1850. Shekarun nan kuwa su ne na yaƙe-yaƙen jihadi da ya fara a 1804, da tawayen Ilori na 1817, da faɗuwar Oyo. Kamammu su ka yi yawa daga kowane ɓangare. Gaskiya mai ɗaci ita ce, cikin masu sayarwa da waɗanda aka sayar duka akwai masu jin Hausa. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya nuna wa Clapperton a 1824 cewa ya yarda a hana kai bayi kudu zuwa teku, amma fatake ba su daina ba. Mafi yawan Hausawan da aka fitar ta Ikko da Porto Novo da Wida aka ɗauke su, Badagiri ta sami nata rabo.

Shin sun manta da gida, kamar yadda hikayar rijiya ta ce? A Bahiya ta Barazil bayi Hausawa sun shirya tawaye a 1807, sun tashi a 1809 da 1814. A babban tawayen Musulmi na Janairu 1835, cikin watan azumi, wanda yawancin masu yinsa Yarabawa ne tare da wasu Hausawa, an sami layu da rubutun Larabci a jikin waɗanda aka kashe. Ƙaramin jakadan Faransa a Bahiya, Francis de Castelnau, ya zauna da Hausawa bayi, su ka lissafa masa garuruwansu da zangunan da aka bi da su, ya buga a 1851. A Saliyo kuma, daga bakin 'yantattun bayi J. F. Schön ya koyi Hausa, ya buga littafinsa na kalmomi a 1843. Abokin tafiyarsa a Kwara a 1841, Samuel Ajayi Crowther, ya zauna a Badagiri daga 1845 zuwa 1846. Ashe nazarin Hausa da haruffan boko, wanda mu ke ci da shi a wannan sashe, tushensa yana bakin mutanen da aka ce an shayar da su mantuwa.

Kammalawa

Littattafanmu na tarihi sun cika da labarin sarakuna da mayaƙa da fataken goro na Gwanja, sun yi shiru game da waɗanda aka gangara da su kudu. Mu ne mu ka manta da su, ba su ne su ka manta da mu ba. Saboda haka ya kamata ɗalibin Hausa da ya sami hali ya je ya taka turbar Gberefu, ya saurari jagora da ladabi, ya auna maganarsa da shaidar takarda. In ya dawo, ya nemi sauran hanyar a Busa da Wawa da Zariya da Kano, ya tambayi tsofaffi abin da ya rage na sunayen zanguna da waƙoƙin bayi, ya rubuta tun masu labarin suna da rai. Allah ya jiƙan waɗanda su ka bi ta.