Asalin 'Yancin Kazaure

Duwatsun Kazaure su ne rabin labarin 'yancinta, don haka da su za a fara. Dattawa sun ce wani maharbi mai suna Kutumbi, wanda bai kamata a rikita shi da Sarkin Kano Kutumbi ba, shi ne ya taso daga gindin Dala ya yi arewa yana bin sawun namun daji, har ya faɗo wani kwari da duwatsu suka yi wa zobe, ga rafi yana gudana a tsaka, ga nama ba iyaka. Wurin ya kwanta masa a rai, ya kafa bukka, ya manta da gida. Da shiru ya yi yawa sai 'yan'uwansa suka biyo sahu, da isowarsu wani ya ɗaga kai ya dubi duwatsun nan hagu da dama, ya ce, "Kai, wurin nan kamar zaure!" Da tafiya ta yi nisa, baki ya taƙaita maganar ta koma Kazaure. Sunan kuwa ya dace, domin a zaure maigida yake tsayar da baƙo, ba a wuce shi sai da izini.

Wanda ya mai da zauren nan masarauta shi ne Ɗantunku, Bafulatanin Yarimawa da ke zaune a Dambatta. A farkon jihadi shi ya hana rundunonin sarakunan Haɓe na Kano da Katsina da Daura haɗuwa wuri guda, saboda haka Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya ba shi tuta, mai tuta kuwa kai tsaye yake kai gaisuwarsa Sakkwato. Sarkin Kano Sulaimanu mutum ne wanda duniya ba ta dame shi ba, bai taɓa tona zancen mubaya'ar Ɗantunku ba. Da ya rasu a 1819, Ibrahim Dabo ya hau, ya aika wa Ɗantunku ya zo ya yi mubaya'a, Ɗantunku ya ƙi. Sai Dabo ya ɗauki arewacin Kano gaba ɗaya, har da ƙasar da ke hannun Ɗantunku, ya ba Sarkin Bai na Dambazawa. Aka shekara biyar ana gwabzawa. Mahayan Ɗantunku sun kai hari har bakin ganuwar Kano, Dabo kuma ya hau duwatsun Kazaure ya ci sansaninsa, ba a jima ba Ɗantunku ya dawo ba zato ya kore shi. Wani Bature mai suna Clapperton da ya ratsa ƙasar a 1824 ya tarar da ƙauyuka sun zama kufai, abin takaici, alhali duk ɓangarorin biyu almajiran Shehu ne. Da aka rasa mai rinjaye, sai aka kai ƙara gaban Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ya yanke cewa Ɗantunku ba ya ƙarƙashin Kano.

A bakin Kanawa wannan tawaye ne kawai, ɗaya daga cikin masu yawa da Dabo ya yi fama da su a farkon sarautarsa, wai an ƙyale shi ne don an kasa kama shi. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, domin ba don duwatsu ba da ƙarar ma ba ta kai Sakkwato ba. Amma ni na fi karkata ga zancen tuta. Bello ne ya naɗa Dabo, kuma Kano ce ta fi kowace masarauta arziki a daular, ba ƙaramin dalili ne zai sa ya ba ta rashin gaskiya a kan ɗan yanki mai duwatsu ba. Abin da mahaifinsa Shehu ya bayar ne ya tabbatar wa mai shi.

Ɗantunku bai daɗe ba bayan hukuncin ya rasu, ɗansa Dambo ya gaje shi. Babura kuwa, da ke cikin ƙasar da aka ba Sarkin Bai, ta tsaya a ɓangarensa, shi ya sa da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991 ta shiga Masarautar Ringim, Kazaure ta riƙe Roni da Gwiwa da 'Yankwashi.